Albasar da Ta Jira Shugaba

Ranar da Badaru ya zo mini da hular Ƙungiya, ina tsugune a lambuna, cikin fadamar Dandin Mahe, ina cire ciyawa tsakanin albasa. Ya jingine babur ɗinsa a gindin mangwaro, ya tako da farin takalmi har bakin fangali, wato kwamin da ake dasa albasa a ciki, ya kifa mini wata koriyar hana-sallah a ka. Ya ce, "Mijinyawa, tashi ka yi godiya, an zaɓe ka."

Badaru ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ubangidan da bai taɓa ciyar da bawa ba. Kowa ya san ba a fushi da taubashi, duk abin da ya faɗa maka wasa ne, duk abin da ka mayar masa wasa ne. Shi ne kuma shugaban shiyyarmu na Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoma da 'Yan Ƙodago ta Ƙasa, shiyyar da ta haɗa Bodinga da Shagari. Ofishinsu shago ɗaya ne kusa da tasha a Bodinga, da benci biyu da fanka marar aiki. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun taɓa yi mana rana. Su ne suka yi ta kai ƙara har aka rage masu tare motocin albasa a hanya, kuma wata shekara taki ya iso mana kafin damina ta yi nisa. Sai dai rabon Badaru da riƙe fartanya, tun kafin ya yi gemu.

Zaɓen da aka yi mini shi ne wannan. Shugaban Ƙungiya na ƙasa zai taso daga Abuja ya ƙaddamar da girbin albasa na bana, kuma a lambuna zai cire ƙwaya ta farko gaban masu ɗaukar hoto. Daga nan, in ji Badaru, Ƙungiya za ta matsa wa gwamnati ta gina mana ma'ajiyar albasa ta zamani a shiyyar. Sharaɗin guda ne: kada in cire ko ƙwaya ɗaya sai Shugaba ya cire tasa. An sa ranar sha biyar ga Maris. Na lissafa a raina, na ga daidai lokacin da za ta nuna ke nan, na ce na yarda.

Ba banza aka zaɓi lambuna ba. Albasata irin Baba ce, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana zaɓa har ta tsaya yadda yake so. Ja ce, mai siririn wuya da ɓawo mai kauri. Tana wata shida cikin rudu, rumfar kara da ciyawa da muke ajiye albasa a ciki, ba ta ruɓe ba. Kowace shekara in na yi girbi nakan ware manyan kawuna masu lafiya in ajiye, in sanyi ya shigo in dasa su a kusurwar lambu su yi fure su ba da iri. Haka Baba ya yi, haka nake yi shekara ashirin da biyu. Ba a sayar da irin nan a kasuwa.

Da na shiga gida da hular a kaina, matata Shatu ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaya ko hular kaɗai aka ba ni ko har da sabon kai. Na ba ta labari. Ta ce yayanta Saminu na Danchadi da shi ne da bai yarda wani ya sa wa albasarsa rana ba. Raina ya ɓaci, don ni da Saminu akwai tsohuwar magana. Ya ƙi shiga Ƙungiya, yana cewa ƙungiyarsa ita ce rijiyarsa da jakinsa. Shekara uku da suka wuce na ba shi cikin gwangwani ɗaya na irin Baba don darajar surukuta, amma a sallar bara, gaban mutane, na ce masa haka zai ƙare manomin ƙauye wanda babu wanda ya san sunansa bayan Danchadi. Na ce wa Shatu ta bar mini zancen yayanta.

Saura mako guda 'yan kwamitin shiyya suka zo duba inda za a kafa rumfunan baƙi. Suka zagaya, suka zagaya, suka ce babu fili mai kyau kusa da hanya sai kusurwar iri. A lokacin furen ya yi fari tas, saura kamar mako uku ya bushe a karkaɗe. Na ce a'a. Badaru ya dafa kafaɗata ya ce ai ga lambu guda cike da albasa, in an yi girbi sai in zaɓi kawunan irin baɗi son raina, ko so nake Shugaba na ƙasa ya zauna cikin taɓo? Na bari aka sa lauje. Daga ranar irin Baba ba shi da sauran mafaka a wurina sai kawunan da ke cikin ƙasa suna jiran baƙo.

Sha biyar ga Maris ta zo, Shugaba bai zo ba. An ce taron gaggawa ya taso. Aka mayar ƙarshen wata. Ban damu sosai ba, albasa takan jure mako biyu. Lawashi ya fara kwantawa, na yi abin da kowane mai lambu ke yi, na yanke ruwa don wuya ya bushe ya rufe. Ƙarshen wata ya zo, aka ce jirgi ne bai tashi ba. Aka ƙara kwana goma.

Cikin kwanakin nan Badaru ya zo ya ga lambu. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce mene ne wannan, ganye duk ya kwanta ya yi ja kamar an yi gobara. Ya ce ya tura wa ofishin Abuja hoto, mai kula da yaɗa labarai ya bugo waya yana faɗa, wai Shugaba ba zai tsaya cikin busasshiyar gona ba, a ba ta ruwa ta yi kore kafin ranar.

Na ce, "Badaru, albasag ga ta kwanta. In anka ba ta ruwa yanzu, ta mutu."

Ya ce, "Ji bawa shina gardama da ubangidanai. Kai dai tada inji, Abuja tac ce."

Na ce Abuja ta taɓa shuka albasa? Ya yi dariya har da buga cinya, ya hau babur ya tafi.

Washegari na shiga mota zuwa Bodinga, don ranar taron shiyya ce. Mutum goma sha huɗu na samu kan benci da tabarma, kuma wallahi babu ɗaya daga cikinsu da bai san abin da ruwa ke yi wa kwantacciyar albasa ba. Wasu sun girme ni, wasu lambunsu ya fi nawa. Na faɗi maganata. Sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ɗaya ya ce ai ɗan ruwa kaɗan ba zai yi komai ba. Na ce to ya je ya gwada a tasa, ya ce tasa tana cikin rudu tun makon jiya. Magatakarda ya ce in na cire albasar na kunyata shiyya baki ɗaya, kuma ma'ajiyar da ake nema wata jiha za a kai ta, manoma dubu su rasa saboda mutum ɗaya. Wani dattijo ya rufe da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan da na ci hula ce hana-sallah, ko sujada ba a yi da ita.

Zan so in ce tilasta mini aka yi, amma ƙarya ce. Lambuna ne, babu mai gadi a bakinsa, da na so da na kira 'yan ƙodago mun cire ta cikin kwana biyu. Abin da ya riƙe ni shi ne an riga an faɗi sunana a rediyo. An kafa allo a bakin hanya da sunana da na Ƙungiya. A masallaci ana ce mini manomin Abuja, ni kuma ina jin daɗi ina yi kamar ba na ji. Na tuna abin da na faɗa wa Saminu gaban mutane, na ga ba zan iya janyewa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma kwaɗayin suna ya fi na tuwo muni.

Mukhtari, wanda ya yi shekara goma da ɗoriya yana mini ƙodago, na ce masa ya tada inji. Ya dube ni ya ce in aikin cirewa ne yana nan, amma ba da hannunsa za a jiƙa albasar nan ba. Ya koma gindin mangwaro ya zauna. Sunan 'yan ƙodago yana jikin allon Ƙungiya ƙato-ƙato, amma babu wanda ya taɓa tambayar Mukhtari komai. Ni na ja igiyar injin da kaina, ni na riƙa buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, ina yi ina tsine wa Abuja da Badaru da kaina.

Busasshen ganye ba ya dawowa kore, wannan ko akuya ta sani. Abin da ya faru shi ne bayan kwana shida sabon tsiro ya fara ɓullowa daga wuyan kawunan, siriri, kore shar. Duk mai lambu in ya ga haka gabansa faɗuwa yake yi, don albasa ce ta farka tana cin kanta. Badaru kuwa da ya zo ya gani sai da ya tafa. Ya ɗauki hoto ta gabas, ya ɗauka ta yamma, ya ce ka ga amfanin bin shawarar manya.

Sai azumi ya kama. Saƙo ya zo cewa ba zai yiwu a tara jama'a cikin rana da ƙishirwa ba, an ɗage sai bayan sallah. Wata guda cur, cikin zafin bazara, da jiƙaƙƙiyar albasa a ƙasa.

Ranar na fita hayyacina. Na samu Badaru a ƙofar ofis yana zaune cikin mutane, na tsaya a kansa na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Na ce shi maƙaryaci ne, ya sayar da gumina don a ɗauke shi hoto kusa da babban mutum, ya kashe irin da Baba ya bari. Ina rufe baki sai wurin ya ɓarke da dariya. Wani ya ce yau bawa ya yi tawaye. Wani ya ce a ba shi goro ya huce, aka tuna ana azumi, aka ƙara dariya. Badaru ya share hawayen dariya ya ce zai 'yanta ni ranar da Shugaba ya zo. Babu wanda ya ji ni, duk an ɗauka wasan taubasai muke yi. Na juya na tafi tasha, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

A gida Shatu ta ce in je in cire ko fangali biyu na baya, inda ba a gani daga hanya, in tsira da na iri. Na ce na riga na yi alkawari gaban mutum goma sha huɗu. Ta ce su sha huɗun nan kowa tasa tana rudu. Na ce saura kaɗan, an jure mai yawa. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗen garinta. Shawarar da ta fi kowace kyau ke nan da aka ba ni a shekarar, kuma na ƙi ta don daga cikin gidana ta fito.

Kwana uku bayan sallah hadari ya taso daga gabas da la'asar, aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Mutane suna murna suna shirin shukar gero, ni ina tsaye a zaure ina kallon ruwa yana gudu zuwa fadama. Bayan kwana biyu ba sai na shiga lambu ba, tun daga bakin hanya wari ke tarbar mutum. Na sa yatsa a kan wata ƙatuwa, yatsan ya nutse. A ranar ne kuma aka bugo waya cewa Shugaba zai iso ranar Alhamis, wannan karon babu fashi.

Badaru ya zo ya tsaya bakin fangali ya toshe hanci da hularsa. Karon farko ke nan da na ga bai yi dariya ba. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, na jira, don ko kalma ɗaya ya faɗa da na ji sanyi. Sai ya ce bari ya je ya dawo. Ya dawo da buhu biyu na albasa daga kasuwar Bodinga a bayan babur. 'Yan kwamiti suka kwashe ruɓaɓɓun fangali uku na gaba, suka zuba busasshiyar ƙasa, suka binne ta kasuwar a jere, suka soka ɗanyen lawashi a kan kowace. Manoma ne duka, sun iya jere, aikin ya yi kyau ƙwarai. Sauran lambun aka kare shi da yadi mai tambarin Ƙungiya, aka kunna turaren wuta a kasko huɗu.

Alhamis Shugaba ya zo da motoci bakwai, aka zaunar da shi a rumfa, daidai inda furen irin Baba yake a da. Mutum ne mai fara'a, ba zan ɓoye ba, ya gaisa da kowa hannu da hannu. Aka kai shi bakin fangali, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ja. Albasa ta fito salin alin, babu saiwa ko ɗaya, lawashin ya rabu da ita ya zauna a hannunsa. Badaru ya yi wuf ya ɗauki albasar ya miƙa masa, Shugaba ya ɗaga ta sama, aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto.

Sannan ya yi jawabi. Ya ce abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda manomanmu ke asarar albasa mai yawa kowace shekara saboda rashin sanin lokacin girbi. Ya ce Ƙungiya za ta shirya mana bita, a kawo masana su koya mana yaushe ake yanke ruwa, yaushe ake cirewa. Mutum goma sha huɗun nan suka fi kowa tafi. Zancen ma'ajiya ya ce yana kan hanya. Aka kira ni gaba, aka ba ni takardar yabo da wani sabon buhun leda mai tambarin Ƙungiya. Ya riƙe hannuna ya tambaye ni sirrin albasa mai kyau haka.

Na ce, "Haƙuri, ranka shi daɗe."

Ya ce a rubuta wannan, magana ce mai hikima. Minti arba'in suka yi, suka wuce.

Washegari ni da Mukhtari muka bi lambun fangali fangali muna tono, ko za mu samu kawuna ashirin masu taurin wuya. Har azahar muna yi. Wadda ba ta narke ba ta yi tsiro, wadda ba ta yi tsiro ba in ka matsa wuyanta ruwa ya fito. Mukhtari bai ce ai na faɗa maka ba. Ya wanke hannunsa a bakin rijiya, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tafi. Na zauna a gindin mangwaro na yi kuka, ni da furfurata, don na san abin da Baba ya yi shekara talatin yana ginawa na rushe shi cikin wata biyu saboda hula.

Shatu ba ta yi mini gori ba. Da safe ta ajiye mini koko, ta ce Yaya Saminu yana gida ranar Asabar, ba ya zuwa kasuwa. Na yi kamar ban ji ba. Asabar ɗin na naɗe buhun Ƙungiya a hammata na hau keke zuwa Danchadi. Duk hanya ina shirya amsar da zan ba shi in ya tuna mini da maganar sallar bara.

Na same shi a bayan gida yana gyaran ciyawar rudunsa. Muka gaisa, ya tambayi ƙanwarsa da yara, ya yi mini barka da ruwa. Na jira gori, bai zo ba, kuma rashinsa ya fi mini ciwo. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya yaye ciyawar gefe ɗaya. Ga ta nan a shimfiɗe, ja, busasshiya, siririn wuya, ɓawo yana ƙara in an taɓa. Ko cikin dubu zan gane ta.

Ya ce, "Zaɓi. Irin Baba na, ni riƙo nika yi."

Na tsuguna na zaɓi kawuna arba'in. Na warware buhuna zan zuba. Saminu ya karɓi buhun ya juya shi, ya karanta tambarin, ya ce leda ce, ba ta shan iska, dafa albasa take yi. Ya naɗe ya mayar mini. Sannan ya kwashi arba'in ɗin da kansa ya jera su a wani lungu na rudun, ya sa kara ya raba su da nasa.

Na ce ai da su zan tafi.

Ya ce, "Naka na, ba mai taɓa su. Amma bar su nan hal lokacin dashe. Gidanku baƙi sun yi yawa."

Na tura buhun a hammata. Mutumin da na ce babu wanda ya san sunansa bayan Danchadi bai yarda ya ba ni ajiyar irin mahaifina ba, kuma ya yi gaskiya. Ya mayar da ciyawa ya rufe rudun, ya raka ni har bakin hanya. Na koma Dandin Mahe da buhun Ƙungiya a hammata, babu komai a ciki.